Mai Karatun Ilmin Halittu Ma Sai Ya San Lissafi

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani Alhaji maƙwabcina a nan Sabo, wanda ya yi shekara fiye da talatin yana fataucin goro tsakanin kurmi da Arewa, ya riƙe mini hannu ya ja ni gefe. Na ga fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, ina so ka warware mini wani abu. Yarinyar nan tawa da ke jami'a, ilmin halittu na san ta tafi karantawa, watau sha'anin tsirrai da dabbobi da ƙwari. To ga shi sakamako ya fito, ta ci kome da kome sai abu guda, wai shi kalkulas, an ce kuma dole ta maimaita shi. Na tambaya aka ce mini wani irin lissafi ne na injiniyoyi. Don Allah me ya haɗa kifi da kaska?"

Na ce masa, "Alhaji, ka yi mini afuwa, wannan magana ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi." Shi ne na ga ya kyautu in kawo ta wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai wannan tambaya ke damu ba. Alhamdu lillahi, yau 'ya'yanmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal suna shiga jami'o'i, abin da yawancin iyayensu ba su samu ba. Da dama daga cikinsu sukan zaɓi ilmin halittu ko ɗaya daga cikin danginsa, kamar nazarin ƙwayoyin cuta, ko haɗa magunguna, ko likitanci. In za mu faɗa wa juna gaskiya, wasu sha'awa ce ta kai su, wasu kuwa gudun lissafi ne. Mai neman shiga karatun likita, in ya je jarrabawar JAMB, Turanci da ilmin halittu da kemistiri da fiziks zai rubuta, babu takardar lissafi. Sai yaro ya ɗauka ya yi ban kwana da shi ke nan. Yana shiga shekarar farko sai ya tarar da shi zaune a bakin ƙofa yana jira.

Ni dai ga inda na tsaya. Jami'o'in da ke ɗora wa ɗaliban ilmin halittu wannan darasi sun yi daidai, har ma ina ganin abin da ake ba su ya yi kaɗan. Amma yadda ake koyar da shi a wurare da yawa, wannan kam akwai gyara babba, kuma yawancin yaran da ke faɗuwa ba daƙiƙai ba ne.

Bari mu fara da shi kansa dodon. Kalkulas lissafi ne na abin da ba ya tsayawa wuri guda. Ɓangarensa biyu ne suka shafi maganarmu. Na farko zan kira shi lissafin tari. Duk wanda ya taɓa jiran ruwan famfo ya san halinsa: da asuba ya zo da ƙarfi, can ya yi sanyi, daga bisani ya koma ɗiga. In da famfon na zubar da garwa ɗaya kowane minti ba canji, ai ɗan firamare ma zai gaya maka abin da za ka tara cikin rabin awa. To amma ƙarfinsa yana sauyawa kowane lokaci, yaya za ka yi? Dabarar ita ce ka yayyanka lokacin ƙanana-ƙanana, har ya zama cikin kowane yanki ruwan bai sami damar sauyawa sosai ba, ka lissafa abin da ya zuba cikin kowane yanki, sa'an nan ka tara su duka. Iyakacin abin ke nan. Alamarsa da ke firgita yara a kan allo, mai kama da ƙugiya, harafin S ne kawai aka ja shi ya yi tsawo, farkon kalmar jimla da Latinanci, kuma Bajamushen nan Leibniz ne ya fara buga ta cikin 1686. Tun kafin shi da wajen shekara 650, Ibnul Haisam a Masar ya yi amfani da irin wannan yanka-ka-tara wajen auna cikin wani abu mai siffar ƙwarya.

Na biyun shi ne wanda zan kira ƙa'idar sauyi, kuma a nan Alhaji ya fi ni sani ko da bai taɓa shiga aji ba. Ya san in sankara ta shiga huhun goro, ba a yi mata sakaci. Ɓarnar da za ta yi gobe ta danganta ga yawan wadda ke ciki yau. In kaɗan ce, a hankali take tafiya. In ta yi yawa, sai ka buɗe ganyen fita ka tarar da asara. Shi ya sa yake sa yara su zazzage huhu su tsince loto-loto. Watau Alhaji bai san yawan goron da zai lalace nan da mako uku ba, amma ya san dokar da ɓarnar ke bi. To in aka rubuta wannan doka da alamomin lissafi, cewa saurin ƙaruwar abu daidai yake da kaza na yawan abin, an sami ƙa'idar sauyi. Warware ta kuwa shi ne a tashi daga dokar a gano yawan abin a kowace rana, kuma da lissafin tari ake yin haka. Ka ga ashe su biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Yanzu kai mai karatu ka nuna mini abu ɗaya mai rai wanda ke tsaye cik. Jariri yana girma, garke yana yaɗuwa, jini yana gudu, cuta tana bazuwa. Ilmin halittu gaba ɗayansa labarin sauyi ne, don haka mai karanta shi ba tare da wannan lissafi ba kamar ɗan tireda ne wanda ya san sunan kowane kaya a shagonsa amma bai iya ƙidayar canji ba.

Ga misali mai sauƙi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin hanjin mutum, ana ce mata E. coli. In ta sami abinci da ɗumi yadda take so, takan rabu biyu kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya tak, bayan awa 8, ta zama fiye da miliyan 16. In aka bar lissafin ya ci gaba har kwana guda cur, nauyinsu zai haura tan dubu huɗu. Kowa ya san haka ba ta faruwa, in ba haka ba da tuni sun binne mu. Me ya hana? Abinci yana ƙarewa, wuri yana cika, dattinsu yana kashe su. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Verhulst ya gyara ƙa'idar cikin 1838, ya sa mata birki, ta yadda ƙaruwar kan fara da gudu, ta yi sanyi, ta tsaya a iyakar abin da wurin zai iya ɗauka. Bafillatanin da ya san cewa makiyaya kaza ba za ta riƙe shanu fiye da kaza ba, wannan ƙa'ida yake bi. Yaron da ya ga yadda aka sa birkin nan da hannunsa ya fahimci kiwon kifi a kududdufi, da dalilin da nono ke tsami da wuri a lokacin zafi, fiye da wanda ya haddace shafi goma.

Ko kuwa mu ɗauki magani, tun da kowa na sha. Yawancin magunguna, in sun shiga jini, jiki yakan fitar da su ne gwargwadon yawan da ya rage, don haka kowane magani na da lokacin da yakan ɗauka kafin ya ragu da rabi. A ce ga wani magani, don misali kawai, wanda ke raguwa da rabi kowace awa 6, kuma ba ya aiki in ya yi ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa na farko. Bayan awa 6 saura 50, bayan awa 12 saura 25. Lissafi zai nuna maka cewa jim kaɗan bayan awa 10 ya daina aiki, a awa ta 8 kuwa akwai sauran wajen 40. Shi ya sa likita zai ce a sha sau uku a rana. Mutumin da ya ga dama ya mai da shi safe da dare, ya ba ƙwayar cuta hutu sau biyu kullum, a cikin irin wannan hutu kuwa take koyon jure wa magani. Haka nan in kamfani ya yi kwafin wani magani yana so a yarda cewa daidai yake da na asali, hukumomin magunguna na duniya sukan auna yawansa cikin jini awa bayan awa, a zana layi, a tara abin da ke ƙarƙashin layin, a gwada da na asalin. Lissafin famfon nan ne ba wani ba. Yarinyar da za ta zama mai haɗa magani, ko mai bincike a hukumar NAFDAC, ta ce ba ruwanta da wannan?

Amma babbar hujjata tana ga sauro, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

Wani likitan Ingila, Ronald Ross, shi ya gano a Indiya cikin 1897 cewa ƙwayar zazzaɓi tana girma a cikin sauro. Ya zo Saliyo cikin 1899, ya kuma zo nan Ikko cikin 1901 zamanin Gwamna MacGregor, yana wa'azin a yaƙi sauro. Mutane suka yi masa dariya, suka ce wa zai iya kashe sauron duniya duka, in kuwa ɗaya ya rage ai cuta na nan. Ross likita ne, amma mai son lissafi. Ya zauna ya rubuta ƙa'idojin sauyi na yadda cutar ke tashi daga mutum zuwa sauro ta komo ga mutum, ya buga cikin 1911. Abin da ya fito ya ba da mamaki: akwai wani adadi na sauro wanda in aka rage su suka yi ƙasa da shi, zazzaɓin zai mutu da kansa ko da sauran sauro na yawo. Wannan abu ba a ganinsa da madubin likita, sai da alƙalami.

Bayansa wani Bature, George Macdonald, ya ƙara zurfafa lissafin cikin shekarun 1950, ya nuna inda gaɓar take. Ƙwayar zazzaɓi tana bukatar wajen kwana 10 zuwa 12 a cikin sauro kafin ya iya harba wa wani. To a ce cikin kowane sauro 10, guda 9 ke kai wa gobe. Cikin 100, wajen 28 ne za su kai kwana 12. In ka yi dabarar da 8 kaɗai ke kai wa gobe, waɗanda za su kai kwana 12 ba su wuce 7 ba. Ka rage abu kaɗan, ka sami ribar ninki huɗu. Wannan ne tushen feshin bangon ɗaki, kuma dalili ɗaya ne ya sa gidan sauro mai magani ya fi wanda ba shi da shi: a gajarta wa tsohon sauro kwana.

To sai aka zo gwada abin a gidanmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban bincike a ƙasar Garki, ba ta Abuja ba, Garkin da ke Jihar Kano a wancan lokaci, yanzu kuwa tana Jihar Jigawa. An bi ƙauyuka ana ɗibar jinin mutane, ana kama sauro ana ƙidayawa, aka yi feshi da wani magani mai suna propoxur cikin 1972 da 1973, wasu ƙauyukan kuma aka haɗa musu da rabon ƙwayoyin magani ga kowa da kowa. Masana uku, Dietz da Molineaux da Thomas, suka gina lissafi na musamman don wannan aiki, suka buga shi cikin 1974, kuma har yau masu nazarin zazzaɓi a duniya suna komawa ga alƙaluman Garki. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai inda aka haɗa feshi da magani, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya komo. Feshi shi kaɗai bai yi abin da aka sa rai ba. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne, tsohon lissafi ya ɗauka duk sauro halinsu ɗaya, kowa in ya ci jini sai ya sauka a bangon ɗaki ya huta. Ashe akwai waɗanda in sun ciji mutum waje suke fita, ba ruwansu da bango, maganin bai taɓa su ba.

Jama'a, a nan maganata take. Kowace ƙa'idar sauyi a kan zato aka gina ta: an ɗauka sauro kaza yake yi, an ɗauka mutane haka suke cuɗanya. Malamin lissafi zai iya warware ƙa'idar sarai ba kuskure, amma bai san inda sauro ke kwana ba. Wanda ya san wannan shi ne mai ilmin halittu da ya kwana a ƙauye da fitila da bututun kama sauro. In shi kuma bai iya karanta ƙa'idar ba, ba zai taɓa gane cewa an gina ta a kan zaton da ya san ƙarya ne ba. Sai a yi ta kashe kuɗi, kowa na ganin ɗan'uwansa ya duba. Dole sanin biyu ya haɗu a kai guda, ko da ɗayan bai kai ɗayan zurfi ba.

Haka abin yake ga annoba. Tun 1760 Daniel Bernoulli ya yi lissafin agana, ya nuna cewa in aka kawar da ita, tsawon ran mutane a jimlace zai ƙaru da wajen shekara uku. Cikin 1927 wasu masana biyu a Sikotlan, Kermack da McKendrick, suka kasa jama'a kashi uku, waɗanda ba su kamu ba, da masu ɗauke da cuta, da waɗanda suka warke ko suka rasu, suka rubuta ƙa'idar yadda mutane ke tsallakawa daga wannan kashi zuwa wancan. McKendrick ma likitan soja ne. Daga irin wannan lissafi aka fahimci cewa annoba na tashi ne in kowane mai cuta yana harbin fiye da mutum ɗaya, tana kuma mutuwa in abin ya yi ƙasa da ɗaya. Daga nan ake sanin yawan waɗanda dole a yi wa rigakafi. In mai cuta na harbin mutum huɗu, sai an kare uku cikin kowane huɗu. Ƙyanda kuwa, da yaro ɗaya kan harbi 12 zuwa 18, sai an yi wa wajen kashi 95 cikin 100 allura. Mazauna Ikko ba su manta da 2014 ba, sa'ad da wani mutum daga Laberiya ya sauka da cutar Ebola ran 20 ga Yuli. Likita Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. Ma'aikata suka bi duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka ce ƙasar ta tsira. Da harshen lissafi, abin da suka yi shi ne danne adadin nan ya koma ƙasa da ɗaya.

Da korona ta zo cikin 2020 kuwa, mu 'yan ci-rani mun ɗanɗana kuɗarmu, aka rufe Ikko a ƙarshen watan Maris, mai turin baro da mai sayar da shayi suka zauna ba na cefane. Rahoton lissafi da wata kwaleji a Landan ta fitar a tsakiyar watan nan na Maris yana cikin abubuwan da suka sa Ingila ta rufe ƙasarta. Amma rabin mutanen Ingila sun haura shekara 40 ko kusa da haka, mu kuwa rabinmu ba su kai 20 ba, kuma yawancinmu sai mun fita muke ci. Ƙasar da ba ta da isassun 'ya'yanta masu iya buɗe irin wannan lissafi su canza zatonsa ya dace da gidajen haya na Mushin ko cunkoson Kurna, to aron amsar wasu za ta riƙa yi.

Yanzu sai mu juyo ga malamai, don ba zan bar su su tafi salin-alin ba. Na roƙi Alhaji ya karɓo mini littafin da yarinyar ta rubuta darasin a ciki. Na duba shi daga bango zuwa bango. Akwai tsani da ke zamewa daga jikin garu, akwai dutsen da aka jefa sama, akwai shafi bayan shafi na dabarun juya alamomi. Ban ga abu ɗaya mai rai ba, ko ƙuda. Ta ce su ɗaruruwa ne a ɗakin lacca, an gwama su da masu karatun fiziks da wasunsu, na baya ba ya jin abin da ake faɗi. Ta ce kuma 'yan ajin gaba sun gaya mata ta daure ta haye kawai, ba za ta sake gamuwa da shi ba har ta gama. In haka ne, ai tambayar Alhaji tana kan hanya. An mai da darasin shingen kan titi, a tsaya a biya a wuce.

Abin takaici kuwa, ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Marigayi Farfesa Chike Obi, wanda aka haifa a Zariya cikin 1921, ya koyar a Badun da Ikko, kuma a kan ƙa'idojin sauyi ya yi suna. Haka Farfesa James Ezeilo na Nsukka da Farfesa Haroon Tejumola na Badun. Mu ma muna da Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi karatu a Badun, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, don kada wani ya ce lissafi ba na ɗan Arewa ba ne. Gwanaye muna da su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin lissafi ya taka ya je sashen ilmin halittu ya tambaya me suke bukata, shi ma na can ya tako.

Wasu ƙasashe sun riga sun farga. A Amurka wani kwamitin masana ya fitar da rahoto cikin 2003 yana cewa a ƙara wa ɗaliban ilmin halittu lissafi, a kuma ɗaura shi da abin da suke karantawa. Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Anjalis ta sake darasin gaba ɗaya, malamanta suka fitar da littafinsa cikin 2017. Da labarin manyan kifaye masu cin ƙanana suke farawa. Wannan kuwa tsohon labari ne: bayan yaƙin duniya na farko wani masanin kifi a Italiya, D'Ancona, ya lura cewa a shekarun da yaƙi ya rage su a tekun Adiriyatik, kason kifaye masu cin 'yan'uwansu ya ƙaru a kasuwa. Ya kai wa surukinsa Volterra, malamin lissafi, shi kuwa ya warware abin da ƙa'idoji biyu cikin 1926. Amsar ta shafi manomi ma, domin ta nuna cewa maganin feshin da ke kashe ƙwaro tare da abokin gabansa yana iya sa ƙwaron ya dawo fiye da da. Yaron da aka fara masa da irin wannan ba zai tambayi amfanin darasin ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace jami'a ba. A ware wa ɗaliban ilmin halittu ajinsu. A fara da abin da suka sani, ƙwayar cuta da magani da sauro, a bar ɗalibi ya faɗi dokar da bakinsa kafin a rubuta ta da alama. A rage dabarun juya alamomi da injiniya kaɗai ke bukata. A koya musu hanyar nan ta Euler, wadda ta kai shekara 250, inda ake bin ƙa'ida taki-taki: ga yawan yau, ga saurin sauyi, to ga na gobe, a sake. Da fensir da takarda ana yi, wayar hannu ma tana yi, balle kwamfuta. Sa'an nan malaman ilmin halittu su riƙa dawo da shi a aji biyu da aji uku, don abin da ba a amfani da shi tsatsa yake yi.

Na san masu ja za su ce manhaja ta riga ta cika. Gaskiya ne, amma a duba yawan haddar sunayen Latinanci da ake ɗora wa yaran nan, waɗanda kowa ke iya dubawa a littafi, za a sami wuri. Wasu za su ce ilmin ƙididdiga, watau tattara alƙaluma da tace su, ya fi wannan amfani ga mai ilmin halittu. Ban musa ba, dole ne a koya shi, in ma aka ce in zaɓi ɗaya zan daɗe ina tunani. Sai dai ƙididdiga tana gaya maka abin da ya auku ne, in kana son sanin abin da zai faru in an raba gidan sauro ga rabin gari, abin da ba a taɓa yi ba balle a ƙidaya, sai ka koma ga ƙa'idar sauyi. Masu cewa kwamfuta ta ɗauke mana wannan wahala kuwa, su tuna da sauron Garki. Na'ura za ta warware duk abin da ka ba ta, ba za ta ce maka zatonka ya karkace ba.

Mu iyaye ma da namu laifin. Yaro ya zo ya ce ba ya gane lissafi, sai mu ce to ya koma wani layin, kamar an ce ciwon gado ne. Da na zauna da yarinyar Alhaji a gaban mahaifinta, na ga ba kalkulas ne ya kayar da ita ba. Ta gane maganar famfo nan take. Inda take tuntuɓe shi ne aljabara da logaridam na sakandare, waɗanda aka bi ta kansu da gudu. Don haka duk mai ɗa ko 'ya a babbar sakandare da ke ɓangaren kimiyya, in makarantar na koyar da darasin ƙarin lissafi, wanda ake rubutawa a jarrabawar WAEC, a sa shi ya ɗauka ko da likita yake son zama. Ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa da fadojin sarakunan Hausawa a garuruwan nan, da suke iya tara kuɗi don tarbar baƙi, ba za su kasa ɗaukar malami ɗaya ya riƙa zama da yaran unguwa lokacin dogon hutu ba. Ɗaliban jami'a 'yan unguwar ma za su iya yi in an ba su na mota.

Na koma wurin Alhaji shekaranjiya da dare, na same shi a shago suna tsintar goro. Na yi masa bayanin nan gwargwadon iko. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Malam, wannan lissafi naku zai iya gaya mini kwana nawa ya kamata in bari tsakanin tsinta da tsinta? Don in na yawaita buɗe huhu goro na bushewa, ga kuɗin yara, in na jinkirta kuma sankara ta ci." Na ce zai iya, in an sami wanda zai riƙa ƙidaya abin da ake fitarwa daga kowane huhu yana rubutawa da kwanan wata. Ya ce yarinyar tana gida har ƙarshen wata mai zuwa kafin su koma. Ya aika aka sayo littafin rubutu mai shafi 40, an kuma ware huhu uku a kusurwar shago.